Rasuwar Ireng, Cajar Ɗaki na Huɗu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Kinanti Wulansih, ɗalibar ajin ƙarshe a sashen injiniyan lantarki, mazauniyar ɗaki na huɗu a gidan hayar ɗalibai mata na Bu Sumirah, wato Inna Sumirah, da ke unguwar Tembalang a birnin Semarang, tana sanar da 'yan uwa da abokan karatu da maƙwabta, har da waɗanda suka yi dariya, rasuwar cajar kwamfutarta, wadda duk gidan ya sani da suna Ireng, wato Baƙa. Ta rasu ranar Juma'a da hantsi a kan tabarmar ɗakin, tana da shekara shida da wata huɗu, bayan gajeruwar jinya wadda daga baya aka gano ba tata ba ce.

Mai makoki ta so a karanta wannan sanarwa a lasifikar masallacin lungu kamar yadda ake yi wa kowa. Mai kula da masallacin ya dube ta ta saman tabarau ya ce ta je ta huta. Shi ya sa aka liƙa ta a ƙofar kicin, inda babu wadda za ta ce ba ta gani ba.

Marigayiya ta fara aiki a ofishin wani kawun mai makoki a garinsu, Purwodadi, inda ta yi shekara biyu a ƙarƙashin tebur ba wanda ya san da ita. Ta zo Semarang a jaka ɗaya da kwamfutar, a naɗe cikin tsohon zani, ranar da Kinanti ta fara jami'a. Baƙa ce, mai nauyi kamar rabin bulo, kuma ba ta taɓa nuna cewa tana son a rage mata ƙiba ba. Sau uku aka naɗe mata wuya da baƙin salatif. An taka ta, an ja ta a ƙasa daga babur har tsawon wani lungu, ɓera ya ɗanɗana igiyarta ya ga ba ta ciwuwa. Ba ta raina soket ba, na laburare ne ko na shagon taliya mai maiƙo a jikin bango. In aka haɗa ta sai ta ce "tas", 'yar fitilarta koriya ta kama. In batir ya ƙoshi sai ta riƙa yin wani siririn fito, "ziii", wanda ba kowane kunne ke ji ba. Da damina tana ɗumama ƙafafun mai makoki, ta busar da safa, kuma kyanwar gidan ta haifi 'ya'ya biyu a kusa da ita don ɗumin.

Babban alherinta kuwa, sai wanda ya zauna a gidan Bu Sumirah zai san girmansa. Mitar gidan ƙarama ce, mai saurin fushi. Tukunyar lantarki ta shinkafa tana kunne tun safe har yamma, kuma da an ƙara mata dutsen guga ko injin jawo ruwa, sai mitar ta katse wutar gidan gaba ɗaya, sai wata ta fita baranda ta ɗaga makunnin. Dokar gidan ita ce mai shirin guga ta yi shela tukuna, amma yawanci shelar da ɗaukewar wutar tare suke zuwa. Shekara huɗu ana haka, Kinanti ba ta taɓa rasa layi ɗaya na aikinta ba, domin Ireng ta riga ta ƙosar da batir. Wuta ta ɗauke, ɗakuna bakwai su ɗauki ƙorafi, ɗaki na huɗu ya ci gaba da rubutu.

Tarihin jinya ya fara ranar Litinin, saura kwana tara mai makoki ta tsaya gaban malamai uku ta kare kundin kammala karatunta. Ruwan sama ya kama ta a kan babur, kwata ta cika ta hau titi, jakar baya ta jiƙe har ciki. Ta ajiye jakar a baranda ta shiga wanka. Kafin ta fito, Bu Sumirah, mai gidan, wadda ta haura shekara sittin kuma ba ta jiran izinin kowa a gidanta, ta riga ta binne kwamfutar da cajar a cikin buhun shinkafa, har wuya.

"Bu, an yi bincike a kan wannan, shinkafa ba ta jan ruwa daga cikin na'ura," in ji Kinanti, tana tsaye da tawul a ka.

"Wayar jikana ta faɗa rijiya, shinkafa ce ta tashe ta," in ji Bu Sumirah. "Kwana uku, Nduk, 'yata. Kin taɓa buhun nan, ni da ke ne."

Mai makoki tana so a rubuta, kuma ga shi an rubuta, cewa ta nuna rashin amincewarta tun a wannan rana.

Ranar Alhamis aka tono su. Kwamfuta ta kama lafiya lau, Bu Sumirah ta zagaya ɗakuna tana ba da labari. Sai dai a ƙasan fuskar kwamfutar, inda hoton batir yake, wani rubutu ya fito da mai makoki ba ta taɓa gani ba: an haɗa, amma ba a caji.

A nan ya kamata a yi wa waɗanda ba 'yan sashen ba bayani, a taƙaice. A tsakiyar bakin irin wannan caja akwai wata siririyar allura. Ita ce ke shiga wani ɗan rami a jikin kwamfuta ta yi sallama, ta faɗi ko ita wace ce da irin ƙarfinta. In ba a yi sallamar nan ba, kwamfuta za ta karɓi wuta ta yi aikinta, amma ba za ta bar batir ya sha ko ɗigo ba. Kinanti ta san wannan, ta ma taɓa bayyana shi a gaban aji. Ta ɗauko abin auna wuta ta gwada Ireng, ta ga tana ba da daidai abin da aka rubuta a bayanta. Sai ta yanke hukunci, irin na masu ilimi, cewa ruwa ya lalata wayar sallamar a wani wuri cikin cajar, kuma aikin minti ashirin ne.

Ranar Juma'a da hantsi aka shiga aikin tiyata. Ta yanke igiyar a wuri uku tana neman inda wayar ta tsinke, ba ta samu ba. Saura cikin bulon. Masu ƙera shi ba su sa masa ƙusa ko ɗaya ba, manne shi suka yi, don haka ta aro wuƙar yankan albasa daga kicin, da dutsen da Bu Sumirah ke niƙa barkono da shi. Ta ɗora bakin wuƙar a kan ɗinkin da aka manne, ta buga sau ɗaya, bai buɗe ba. Ta buga na biyu da zuciya. Wuƙar ta wuce ɗinki, ta wuce abin da ke bayan ɗinki. Kalmar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiya ita ce "ƙas". Ko da aka harhaɗa ta aka mayar a soket, koriyar fitilar ba ta sake kamawa ba, sai ƙamshin barkono da ya ɗan tashi.

A lokacin mai makoki ta ɗauka cewa ta yi iya ƙoƙarinta ga wadda kwananta ya riga ya ƙare.

Washegari ta hau babur zuwa kasuwar kayan lantarki neman magajiya. Ta tsaya a rumfar wani mai sayar da caja, Mas Harjo, wato Yaya Harjo, ta faɗi lambar kwamfutar, da ƙarfin wutar, da faɗin bakin, ba ta duba takarda ba.

"Wa ya aiko ki, Mbak?" in ji shi, wato 'yar uwa. "Kira shi ya tabbatar, don ba a dawo da kaya."

"Ni na aiko kaina, Mas."

Ya ba ta sabuwa fil a kwali, mara nauyi, mai ƙyalli, ba tabo ba salatif. Ta kawo ta gida ta haɗa. Kwamfuta ta kama, ta dubi baƙuwar, ta sake fitar da rubutun nan: an haɗa, amma ba a caji.

Ta koma kasuwa da rana tsaka, a fusace. Mas Harjo ya karɓi cajar ya soka a wata tsohuwar kwamfuta irin tata da ke kan kantarsa, nan take batir ya fara sha. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar a hankali, kamar mai nuna wa yaro wata a sama.

"Kayana lafiyarsu ƙalau, Mbak. Kawo kwamfutar in duba."

"Shekara huɗu nake karanta abin nan, Mas."

"To ai ni ban karanta ba, shi ya sa nake dubawa."

Ba ta kai masa ba. Mai makoki ba ta nadamar wannan, ko kuma dai ba ta shirya faɗa a ƙofar kicin ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne na haƙuri, kuma ana so 'yan baya su sani. Ta cire batir ta danne maɓallin kunnawa tana ƙirga talatin, ta mayar, babu. Ta sake, wannan karon har sittin, ko talatin ɗin ne ya yi kaɗan. Ta goge manhajar da ke kula da batir ta sake sa ta. Ta gwada kowane soket na gidan, har na bayan firij, inda ta ci karo da gawar tsaka. Ta nemi sabunta manhajar can ciki ta kwamfutar, kwamfutar ta ce ba za ta yarda ba sai batir ya kai kashi goma cikin ɗari, alhali ba ta barin ya sha. Ta karanta shawarwarin mutanen duniya a intanet, daga mai cewa a sa batir a firij zuwa mai cewa tasa ta gyaru da kanta, bai san dalili ba. Tana cikin haka batir yana ta ramewa, daga arba'in zuwa sha biyu, daga sha biyu zuwa uku. Ranar Lahadi da azahar ya kwanta gaba ɗaya.

Daga nan rayuwar kwamfutar ta koma hannun mitar Bu Sumirah. A ɗaki na biyu akwai Mbak Lastri, ɗalibar aikin jinya, mai fararen riguna biyar da ba ta yarda ko ɗaya ya yi lanƙwasa. Duk sanda ta ce "zan yi guga", kafin Kinanti ta kai hannu ta adana aiki, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Sau biyu gyaran babi na huɗu ya tafi, da jadawalinsa da zanensa, sau biyu ta sake shi daga farko. Ta roƙi a kashe tukunyar shinkafa na awa biyu kacal, Bu Sumirah ta ce tun da aka gina gidan ba a taɓa ba baƙo shinkafa mai sanyi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke jira ranar Laraba. Kundin Kinanti a kan gano matsalar caji ne a batiran hasken rana na ƙauyuka, kuma ta san za a yi dariya a wannan wuri, ta ba da izini. Manhajar gwajin da za ta nuna wa malamai tana cin minti arba'in kafin ta gama tashi a wannan tsohuwar kwamfuta, kuma a ita kaɗai take, ba ta hawa ta aro. Malamai kuwa minti sha biyar suke bayarwa. Kowane ɗalibi yana tayar da aikinsa a baranda tun kafin a kira shi, ya ɗauki kwamfuta a kunne ya shiga. Kwamfutar da ke mutuwa da an zare waya ba za ta yi tafiyar taku ashirin daga baranda zuwa teburin malamai ba. Wanda bai nuna aikinsa ba sai zango mai zuwa. A Purwodadi kuma mahaifiyar mai makoki ta riga ta ɗinka wa mutum shida kaya iri ɗaya don bikin yaye ɗalibai, ta kuma gaya wa duk layin.

Ranar Talata da la'asar, Mbak Lastri ta haɗa dutsen guga, wuta ta ɗauke karo na uku a yinin. Kinanti ta zare kwamfutar ta fito da ita a hammata, ta ɗaga makunnin mita, sannan ta zauna a kan matakalar baranda ta fara rubuta wa malaminta mai duba kundi, Pak Wiryo, saƙon neman ɗage zama. Akwai masu cewa sun ga hawaye. Ana soya tempe, wainar waken soya, a kicin a lokacin, hayaƙi ya yi yawa.

Bu Sumirah tana gefe da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga shinkafar gobe.

"Miƙo min ita, Nduk."

"Bu, ba abin da za ki gane a ciki."

"Ban ce zan gane ba. Cewa na yi miƙo."

Ta karɓa, ta juya ta zuwa hasken rana, tana leƙa ramukan gefe ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kunnen jariri. Ta hura na farko, ta wuce. Ta wuce na biyu. A ramin caja ta tsaya, ta matso da shi kusa da ido.

"Akwai shinkafa a nan."

"Ba shinkafa ba ce, Bu, ƙarfen ciki ne."

"Shekara hamsin ina tsintar shinkafa, ke za ki nuna min ƙarfe?"

Ta zare fil daga mayafinta, ta lashi tsininsa, ta sa a ramin tana cije leɓe. Ta juya sau biyu. Wani gutsure ya faɗo kan zaninta, fari, bai kai rabin ƙwaya ba, da ɗan lotsawa a tsakiya inda allurar caja biyu ta yi ta dannarsa tana neman wanda za ta yi wa sallama.

Kinanti ta karɓi kwamfutar. Ta shiga ɗaki ta haɗa sabuwar caja. 'Yar fitilar batir, wadda rabonta da kamawa tun ranar ruwan sama, ta kama. Kashi ɗaya. Ta tsaya a kai har ya zama biyu. Da ta juyo, Bu Sumirah tana bakin ƙofa, tana kallon ledar da aka tara gutsattsarin Ireng a ciki.

"To ita waccan da kika fasa da dutsena, Nduk, me ta yi?"

Wannan tambaya ita ce dalilin wannan sanarwa. Marigayiya ba ta yi komai ba. Lafiyarta ƙalau ranar Alhamis, lafiyarta ƙalau ranar Juma'a har zuwa bugu na biyu. Ta yi sallama a ƙofar da aka toshe, aka ce ita ce ba ta da murya, aka yi mata fiɗa tana da rai. Mai makoki ta auna duk abin da ake aunawa, ta karanta duk abin da ake karantawa, ba ta leƙa ramin ba ko sau ɗaya. Ta amsa wannan laifi. Amma tana jaddada cewa gutsuren bai shiga da ƙafarsa ba, kuma ta gaya wa Bu Sumirah haka ido da ido.

"Kwamfutar ta bushe ko ba ta bushe ba?" in ji Bu Sumirah, ta koma kan faifanta.

Ranar Laraba da safe Kinanti ta tayar da manhajar gwaji tun daga gida, ta ɗauko farar rigarta da baƙin siket, ta leƙa tsakar gida ta ce, "Zan yi guga." Wuta ta ɗauke. Kwamfuta ba ta ko ƙifta ba. Ta shiga gaban malamai da batir kashi sittin da uku. A ƙarshen zama ɗaya daga cikinsu ya tambaye ta, in na'ura ta ƙi caji a ƙauye, me ake fara yi. Ta ce, "A leƙa ramin, Pak." Ya jira ƙarin bayani, bai samu ba, ya rubuta wani abu a takarda. An ce ta ci, da gyare-gyare a babi na huɗu. Kayan mutum shida ba za su yi zaman akwati ba.

Marigayiya ta rasu ta bar kwamfuta guda mai fanka mai tari, da batir wanda ya fara murmurewa, da linzamin kwamfuta mai maɓallin dama da ba ya aiki, da rabin naɗin baƙin salatif da aka saya dominta. Ta bar kyanwa da ke zuwa kullum ta shinshina sabuwar caja ta tafi, domin wannan ba ta da ɗumi. Magajiyar tana aikinta, ba a yi mata suna ba tukuna, kuma ba ta yin siririn fiton nan. Ana neman afuwarta kan maganganun da aka faɗa mata ranar Asabar da Lahadi. Mas Harjo ba ya cikin waɗanda za a sanar.

Za a naɗe gawar a zanin da ta zo da shi, a ɗauke ta daga ɗaki na huɗu ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe, a kan babur, zuwa akwatin tara matattun kayan lantarki da ke bayan ɗakin gwaji na sashen, domin mai makoki ba za ta binne gubar ƙarfe a gindin mangwaron mutane ba. Ana karɓar gaisuwa a baranda. Masu zuwa su cire takalmi, kada su kawo shawara, kuma Mbak Lastri ta yi haƙuri da guga har a tashi.

Sadakar kwana bakwai a kicin za a yi, bayan la'asar, shinkafa da soyayyen tempe da barkonon da aka niƙa da dutsen nan. Mai makoki ta nemi a ba ta gutsuren shinkafar ta liƙa a bangon kundinta, Bu Sumirah ta ce a gidanta ba a wulaƙanta shinkafa, don ita ma shinkafar kuka take yi. Ta ɗauraye shi ta mayar cikin buhu. Daga buhun za a ɗebi ta sadaka. Duk wadda ta ci karo da shi a lomarta ta haɗiye, kada ta zo ta gaya wa mai makoki.